Matambayi Ba Ya Ɓata: Ina son koyarwa, ta ina zan shiga?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. Tun da sakamakon JAMB ya fito saƙonnin da ke shigo min kusan duk a kan abu ɗaya suke, yaya zan samu makaranta, in kuma malanta na karanta ina zan dosa da ita. Na zaɓo guda biyar da nake ganin amsarsu za ta wadatar da sauran, masu tsawo na ɗan rage su, sunaye kuma kamar kullum mun cire, unguwa kawai muka bari.

Tambaya daga wani matashi, Tudun Jukun:

Mama ina wuni ya aiki. Dan Allah shawara nake nema. Na gama sakandare 2023 ina da kiredit ɗina har turanci da lissafi, JAMB sau biyu ina yi ina cike ABU kwamfuta sayans nake so, na farko na ci 158 na biyu 171 kuma har yanzu shiru. Baba yace in haƙura in canja zuwa FCE inyi NCE, ni kuma wallahi ba wai na tsani koyarwa bane don ni nake yiwa ƙannena lesin ɗin lissafi har yaran maƙota suna zuwa, kawai dai abokaina ne suke cewa NCE ta waɗanda suka rasa madafa ce duk wanda ya shiga ya gama yawo. Na rasa yanda zanyi, in sake JAMB ko in bi maganar Baba?

Amsa:

Lafiya lau ɗana, Allah ya yi maka albarka. Kafin in taɓo maganar maki bari in ɗauko wani abu da ka faɗa a tsakiyar saƙonka kamar ba komai ba, wato yaran maƙota suna zuwa wajenka lesin. Yaro ba ya kai kansa wajen lissafi da yamma, bayan ya dawo boko ya dawo islamiyya a gajiye, sai in yana gane abinda ake gaya masa. Kenan kai kana da abinda da yawa cikin masu shiga kwalejin ilimi basu da shi, kuma a kansa zan ɗora duk shawarar da zan baka.

Toh maganar maki. A 2025 JAMB da shugabannin makarantu sun tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 100 kuma na kwalejojin ilimi da foliteknik. Amma wannan mafi ƙaranci ne fa, kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata, kowane kwas kuma da yawan masu rububinsa. ABU ba 'yan Zariya kaɗai ke nemanta ba, daga Sakkwato har Maiduguri har kudu kowa ita yake cikewa, kwamfuta kuwa yanzu tana cikin kwasa-kwasan da aka fi yi wa caa, don haka mai 171 yana layi ne bayan ɗimbin masu 200 da ɗoriya kuma guraben ƙidayayyu ne. Ba wani ne ya danne maka ba. In ka sake JAMB karo na uku ba tare da ka canja yanda kake shiri ba, da wuya makin ya yi tsallen da kake buƙata, sai dai wata shekarar ta sake tafiya kana zaune a majalisa.

Abinda zan ce ka fara gwadawa shine canjin kwas. A ABU ɗin ta Samaru akwai tsangayar ilimi, ana digirin koyar da lissafi da fizis da sauran darussan kimiyya, shekara huɗu ne kamar kowane digiri, ka fito ka je bautar ƙasa kamar kowa, kuma cunkoson wajen bai kai na kwamfuta ba. Ita ma FCE ɗin ta Gyallesu da Baba yake magana, wato kwalejin ilimi ta tarayya, yanzu an ɗaga ta zuwa jami'ar ilimi ta tarayya duk da bakinmu ya saba da tsohon sunan, dama can ta daɗe tana digiri da haɗin gwiwar ABU, don haka ka je ka duba jerin kwasa-kwasan da JAMB ta nuna a ƙarƙashinta bana, na digiri da na NCE, kar ka tsaya kan labarin da aka sani shekara goma da suka wuce. Akwai kuma kwalejin ilimi ta jiha a Gidan Waya in tafiya ba za ta dame ka ba.

In NCE ɗin ce ta samu, ka karɓa da hannu biyu, ka nemi haɗin lissafi da kwamfuta ko lissafi da fizis tunda can zuciyarka take. Ba zan ɓoye maka lissafin shekaru ba, NCE shekara uku ce, in ka fito da sakamako mai kyau ka sayi fom ɗin DE, wato na shiga jami'a kai tsaye ba ta ajin farko ba, galibi aji biyu za ka fara a jami'a, ka ƙara uku, shida kenan a maimakon huɗu. Amma ka tuna biyu sun riga sun tafi kana gida babu komai a hannu, ita kuwa NCE daga shekara ta uku kana da takardar da za ka nemi aiki da ita, domin ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a tsarin ilimin ƙasar nan, kuma da yawa cikin malaman da kake gani a haka suka yi, suna aiki suna haɗa digiri da karatun dogon hutu da ake ce wa LVT a cibiyar ilimi ta ABU. Akwai IJMB ma, karatun share fagen shiga jami'a, wadda ABU ce ke kula da ita, ana yinta a makarantar share fage ta SBRS Funtuwa da wasu wurare, kusan shekara guda ce darasi uku sai DE, sai dai ita tana son kuɗi da karatu ba ɗaga kai, wanda ya fito da maki kaɗan kuwa ya dawo inda ya taso.

Su kuma abokanka. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 don horar da malamai aka yi ta, a can Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu kuma dukkansu sun riƙe alli kafin su shiga siyasa, ita ce ta koma Kaduna daga baya ta dawo nan Zariya a 1949, yau muke ce mata Barewa. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauci da Maru. Ita kanta FCE a 1962 aka buɗe ta da sunan ATC, babbar kwalejin horar da malamai, shekara ɗaya da ABU. Amma ba zan yi maka daɗin baki da tarihi ba ɗana, rainin da abokanka ke yi yana da inda ya samo asali, kuma abin yana min ciwo. Mun mayar da kwalejin ilimi wajen tura duk wanda ya rasa ko'ina, ya shiga ba ya so, ya yi shekara uku yana haddar handawut ranar jarabawa, ya fito a damƙa masa yara sittin ko fiye a aji uku na firamare, shi bai iya rabawa ba balle ya koya musu. Ka dai san abinda ya faru a jihar nan ta Kaduna a 2017, malaman firamare wajen 33,000 suka zauna gwaji, 21,780 basu kai makin da aka sa ba aka sallame su. Har yau ana muhawara kan yanda aka yi abin, kuma ba unguwar da bai taɓa ba a Zariya, magidanta ne da iyalai, ni dai ina tausaya musu ƙwarai. Sai dai wanda zai shigo yanzu dole ya san cewa takarda kaɗai ba ta riƙe mutum a aji. Don haka in za ka shiga kar ka shiga da zuciyar da babu gara ba daɗi, ka shiga a matsayin wanda ya zaɓa, ka iya lissafin nan har ƙasa. Malamin lissafi da fizis wanda ya iya da gaske nemansa ake yi, makarantu da iyaye duka.

Ni a ganina maganar Baba ita ce daidai, sai dai ka fara gwada digirin ilimin tukunna in makinka ya kai. Ka je cibiyar CBT, wato wajen jarabawar kwamfuta, da JAMB ta amince da ita, ba kowane kafe ba, ka yi canjin makaranta ko na kwas, ka tabbatar an ɗora sakamakonka na WAEC ko NECO a shafinka don rashin wannan kaɗai yana hana mutane da yawa, sannan ka dinga leƙa CAPS, shafin JAMB da ake ganin gurbi in ya fito, layin wayar da ka yi rijista da shi kuma ka adana shi kar ya ɓata.

Tambaya daga wata 'yar uwa, Ƙofar Gayan:

Salamu alaikum Malama Allah ya ƙara basira. Ni matar aure ce da yara huɗu shekarata 31, na gama sakandare tun 2012 aka min aure, turanci D7 na samu lissafi kuma F9 sauran dai da sauƙi. Ina koyar da yara a islamiyyar unguwarmu da yamma kuma wallahi ina jin daɗin abin, shine nake so in samu NCE ko Allah zai sa in samu aikin firamare. Maigidan ya amince amma yace banda wanda zan dinga fita kullum tun safe. Kunya ma nake ji in zauna aji da sa'annin ƙannena, ko dai lokaci ya wuce min?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata, amin na gode. Lokaci bai wuce miki ba ko kaɗan, kunyar nan kuma satin farko za ta bar ki, don in kin shiga ajin masu karatun ƙarshen mako za ki tarar da masu goyo da masu ciki da waɗanda suka aurar da 'ya'ya, ke ce ma za ki zama yarinya a cikinsu.

Aikin farko gyaran sakamako ne. Na 2012 ɗinki bai mutu ba, yana nan da ƙarfinsa, kuma ana yarda a haɗa zama biyu, saboda haka ba sai kin sake komai da komai a zuciyarki ba, ki yi rijistar NECO ko WAEC ta masu zaman kansu da ake yi ƙarshen shekara ki sa ƙarfinki kan turanci da lissafi. Na san za ki ji ana cewa an cire lissafi, gaskiya ne a watan Oktoban 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sanar da sassauci ga masu neman kwasa-kwasan da ba na kimiyya ba, amma ke da kike son firamare kar ki bi ta nan, malamar firamare sau da yawa ita kaɗai ce a ajinta, ita ce ta turanci ita ce ta lissafi, in kin kauce masa yau gobe yana jiranki a kan allo. Ki samu wanda zai zaunar da ke wata uku ko huɗu, ko ɗan maƙota ne da ya iya, ki sayi littafin tsofaffin tambayoyi ki dinga yi bayan yara sun kwanta. Kuma dan Allah dan Annabi ki nisanci wuraren nan da ake biyan kuɗi a rubuto wa mutum amsa a allo, za a kawo miki tallarsu tabbas, za a ce ke da kika daɗe da barin makaranta ina za ki iya. Wannan kiredit ɗin tubalin toka ne, duk abinda kika ɗora a kai sai ya rufta, ke kuma mai koya wa yara Alƙur'ani ce, bai kamace ki ba.

Bayan nan sai hanyar NCE ɗin. Tunda sharaɗin maigida kenan, NTI ce ta fi dacewa da ke, cibiyar malamai ta ƙasa da aka kafa a 1976, hedikwatarta na nan Rigacikun a hanyarmu ta Kaduna, dama don irinku aka yi ta, karatu daga gida da littattafan da suke bayarwa sai haɗuwa da malamai a cibiyoyin karatu ƙarshen mako. Kwalejojin ilimi ma suna da tsarin wucin gadi irin wannan. Ko wanne kika ɗauka ki tambaya tun ranar farko yanda za a shigar da sunanki a JAMB, don su ma masu irin wannan karatun akwai rijistar da ake musu, ranar da za ki nemi digiri za a tambaye ta. Kwas kuwa, ga na koyar da firamare da ake ce wa PES, ga na ƙananan yara 'yan nazire, ga Larabci da addinin Musulunci, ga Hausa. Da yake aikin firamare kike so ni PES zan ce miki. 'Yan uwa da suka bi ta makarantun Arabiyya da tahfiz su ma su sani jarabawar NBAIS, ta hukumar nazarin Larabci da addinin Musulunci, karɓaɓɓiya ce wajen neman gurbi, hukumar ma a cibiyar ilimi ta ABU ta daɗe kafin ta tsaya da ƙafarta.

Yanzu maganar da nake so ki kai wa maigida cikin ladabi tun kafin a kashe ko sisi. Ko a ina kika yi NCE akwai TP, wato zuwa makaranta ki koyar a gaban yara malamai suna zuwa duba ki, wannan watanni ne kuma kullum ne tun safe, ba a ɗaga wa kowa. Shi kansa aikin firamaren da kike fata ai fitar safe ce Litinin zuwa Juma'a. In ba ku warware wannan yanzu ba sai kin yi nisa rigima ta taso, na sha ganin mata sun ajiye karatu a shekarar ƙarshe saboda haka, abin tausayi. Ku zauna ku tsara wa zai riƙe ƙaramin, wa zai kai manyan makaranta, yaushe za a yi girki, in akwai uwar miji ko 'yar uwa a kusa a sa ta cikin maganar tun yanzu ta ji an girmama ta.

Sai suna. Ki duba sunan da ke kan sakamakonki na 2012 da wanda ke kan NIN ɗinki da ranar haihuwa, su zama iri ɗaya harafi da harafi, in kin sa sunan miji a wani wajen ki gyara ki koma na mahaifi kamar yanda yake a takardar makaranta, wannan ƙaramin abun yana wahalar da matan aure fiye da jarabawar kanta. Batun shekaru kuma, dokar tarayya ta 2022 ta kai ritayar malamai zuwa shekara 65 ko 40 a bakin aiki, kinga ko a 35 kika fara akwai sauran aiki mai yawa gabanki, sai dai wani lokacin tallar ɗaukar aiki kan zo da iyakar shekaru, shi yasa nake so ki fara bana kar ki ce sai an yaye wannan. Muna buƙatar irinku a firamare, iyaye da yawa sun fi sakin jiki su bar 'ya mace a makarantar da suka ga malama a ciki.

Tambaya daga wani uba, Sabon Gari:

Malama barka da aiki. Wani ne yace in kawo naira 150,000 zai samo wa yarinyata admishan na NCE ko digiri ba sai ta jira layi ba, yace yana da hanya a ciki har ya nuna min takardun wasu da ya yiwa. Makinta 149. In bayar?

Amsa:

Malam kar ka bayar, ko rabi kar ka bayar. Tun 2017 duk wani gurbi na gaskiya ta CAPS yake bi, makaranta ta tura suna, JAMB ta amince, yarinya ta gani a shafinta ta karɓa da kanta ta fitar da takardar JAMB. Duk takardar da bata bi ta nan ba, ko da tambarin wace makaranta ne a kai, ranar wahalarta na zuwa, wani sai ya gama karatun kaf ya zo tafiya bautar ƙasa ko neman DE a ce babu sunansa a jerin JAMB. Kuma 149 ai ya haura abinda ake nema na NCE, me za ka saya da Allah ya riga ya baka? Ka kai ta cibiyar CBT ta canja zuwa kwalejin ilimi, ta yi tantancewar makarantar idan an buɗe, in akwai abinda baku gane ba ku je ofishin ɗaukar ɗalibai da ƙafarku ku tambaya. Kuɗin nan ka ajiye mata na rijista da littattafai da kuɗin mota.

Tambaya daga wani malami, Hayin Dogo, Samaru:

Malama ina gaisuwa. Ni na karanta kemistiri na yi bautar ƙasa na dawo, aiki bai samu ba shine na shiga wata makarantar kuɗi ina koyar da SS1 zuwa SS3 kemistiri da bayoloji har da agirik ana bani 30,000 wani watan ma sai ya shiga wani. Da farko don dole na fara amma yanzu gaskia abin ya shiga raina, ina so in zama malami na sosai in samu na gwamnati. An ce sai ina da TRCN, wasu kuma sunce sai PGDE, wanne ne a gaba?

Amsa:

Ina amsawa Malam, sannu da ƙoƙari, darasi uku a kan wannan kuɗin ba ƙaramin haƙuri bane, Allah ya musanya da mafi alheri. PGDE ce a gaba, wato difloma ta koyarwa da mai digiri yake ɗorawa. Ita TRCN hukumar rijistar malamai ce da aka kafa da dokar 1993, kuma mai shaidar koyarwa take yi wa rijista, wato NCE ko digirin ilimi ko wanda ya ɗora PGDE ko PDE a kan digirinsa. Kai digirinka na kemistiri zalla ne, don haka sai ka yi difloma ɗin, ana yinta a ABU, ana yi a NTI, ana yi a buɗaɗɗiyar jami'a ta NOUN, shekara ɗaya ce ko da 'yan watanni, akwai tsarin da ba sai ka bar aikinka ba. In ka gama sai ka zauna jarabawar TRCN ta kwamfuta, ka ci a baka satifiket da lasisi.

Kar ka ɗauke ta a matsayin takardar cike sharaɗi kawai. Na san kun saba cewa me za a koya min ni da nake aji kullum, amma sanin kemistiri daban sanin yanda za ka sa shi a kan yaron da turancin ma bai zauna masa ba daban. A can za ka koyi tsara darasi ya zama yana da inda ya dosa, yanda ake rubuta tambayar da ke auna fahimta ba hadda ba, yanda ake tafiyar da aji mai yara tamanin ba tare da bulala ta zama ita ce malamar ba, da yanda za ka yi gwaji da kayan da ke kasuwar Samaru in makaranta bata da ɗakin gwaji, lemun tsami da kanwa da ruwan zoɓo sun isa ka nuna wa yara asid da alkali da idonsu. Kai da kake da aji a hannu ka fi kowa cin riba, abinda aka koya maka Asabar ka gwada shi Litinin.

Aikin gwamnati kuma ƙofofinsa daban-daban ne. Firamare na hannun SUBEB, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, sakandaren jiha na hannun hukumar kula da aikin malamai ta jiha, makarantun tarayya irin ta 'yan mata FGGC ta nan Zariya kuma ta hukumar ɗaukar ma'aikatan tarayya ake shiga. Ba kullum ake ɗauka ba, sai an yi talla, don haka takardunka su zama a haɗe kafin ranar, kuma a jihar nan ka sa a ranka za a yi maka jarabawa da intabiyu, kai da ka san darasinka wannan ma gata ne a wajenka. In an ɗauke ka aka tura ka Soba ko Kudan ko Maƙarfi ko Ikara kar ka fara yawon neman a dawo da kai cikin gari tun kafin ka ga makarantar, akwai yaran da suka gama SS3 a irin wuraren nan basu taɓa samun malamin kemistiri tsayayye ba.

Albashi dai ba zan ce maka zai wadace ka ba, ba ya wadatarwa, mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024 kuma ka san kuɗin buhun masara. Abinda na gwamnati ya fi shi ne tabbas da ƙarin girma da fansho da damar ƙaro karatu, daga nan ka yi digiri na biyu har ka iya kaiwa lakcara a kwalejin ilimi. Malamai da yawa da noma suke haɗawa ko lesin ɗin masu shirin WAEC da JAMB da yamma, ba laifi bane matuƙar ba lokacin ajin yara aka ɗiba ba.

Tambaya daga wata ɗaliba, Dakace:

Mama dan Allah ki taimaka min da shawara, na samu digirin koyar da bayoloji ya fito a CAPS amma mahaifina ya rasu, mamana ƙosai take sayarwa bamu da kuɗin rijista. Ance akwai bashin gwamnati amma ina tsoron riba, kuma ban san ta inda ake farawa ba.

Amsa:

Allah ya jiƙan mahaifinki 'yata, ya sa wa sana'ar mama albarka, kuma ina taya ki murna. Kafin komai ki je ki danna karɓa a CAPS ki fitar da takardarki, akwai wa'adi, kar tunanin kuɗi ya sa gurbin ya suɓuce.

Bashin da kike ji shine NELFUND, an sa hannu a dokarsa a watan Afrilun 2024 aka buɗe shafin nema a watan Mayu, na ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne kuma babu riba a cikinsa, abinda aka biya miki shi za ki mayar. Kuɗin makaranta kai tsaye suke tura wa makarantar, akwai kuma naira 20,000 duk wata na ɗawainiya ga wanda ya nema, biya kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Za ki buƙaci lambar JAMB da NIN da BVN da asusun banki mai sunanki, neman kuma kyauta ne, duk wanda yace ki biya shi ya saka ki a jeri ki rabu da shi.

Inda gizo ke saƙar shine sai makaranta ta tura bayananki a matsayin ɗalibarta kafin ki iya nema, kenan kuɗin farko na karɓar gurbi da tantancewa sau da yawa daga aljihu suke fita. Nan ne nake so ki cire kunya. Ki fitar da takardar admishan ɗin ki riƙe a hannu, ke da mama ku je wajen baffanninki da kawunnanki, ku je wajen limamin unguwa da mai unguwa, akwai masu fitar da zakka da ke neman irin wannan wajen, mutum ya fi saurin taimakawa in ya ga takarda da adadin da ake nema a rubuce. Ki je ofishin kula da harkokin ɗalibai ki faɗi halin da kike ciki ki tambaya ko ana yarda a biya kashi-kashi. Hukumar bada tallafin karatu ta jihar Kaduna ma takan buɗe shafinta, ki tanadi takardar shaidar ƙaramar hukuma tun yanzu don kar a buɗe kina nema. Tunda a Zariya kike, shekarar farko ki dinga zuwa daga gida in kuɗin mota bai fi na hostel ba, ki lissafa duka biyun ki gani, sannan ki nemi yara biyu ko uku a unguwa ki dinga yi musu lesin Asabar da Lahadi, zai rage miki kuɗin handawut da na mota.